Kilo Goma Sha Bakwai da Rabi

A gidanmu ba a cewa abu ya yi nauyi a yi shiru, sai an faɗi kilo nawa ne. Baba gyaran sikeli yake yi tun kafin a haife ni, ni kuma a gindin teburinsa na tashi, ina miƙa masa sukudireba. Da idonsa ya fara rauni sai aikin ya dawo hannuna, shi ya koma kan kujera yana ba da umarni, yana kirana Injiniya in tsokana ta motsa masa. Mahauta, masu kifi, masu sayar da ƙusa, duk nan suke kawo nasu. Shagon yana ƙasa, mu muna sama: ni da Baba, sai ƙanwata Auta da mijinta, direban babbar mota da yake kwana uku a gida, sati biyu a hanya. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa.

Doka ɗaya Baba ya dinga nanata mini har ta gundure ni. "Injiniya, kafin ki zargi sikeli, ki duba abin da ke kansa." Gaskiyarsa ne kuma. Sau nawa mutum zai zo yana kumfar baki wai nasa ya lalace, a ɗaga farantin a tarar busasshen kitse ne ya manne a ƙasa.

Kusan shekara shida da suka wuce Auta ta yi cikin fari. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya samo wani tsohon sikelin jarirai da aka yar a bola, fari, mai dogon faranti kamar ƙaramin baho. Ya kwance shi, ya wanke, ya yi masa fenti, ya gwada shi da duwatsun awonmu na tagulla har ya tabbata ba ya kuskuren giram goma. Ya ce jikansa ba zai hau sikelin da wani ya gyara ba.

Yarinyar ta zo, ba ta yi kuka ba. Kafin a sallamo Auta daga asibiti Baba ya sa na kwashe komai daga ɗakinta, safa da huluna da tawul, ya ce kada wanda ya ƙara tayar da maganar, don kada a fama mata ciwo. Na bi umarni, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka. Sikelin kuwa ya ɗora shi can saman kanta a ƙuryar shago.

Bayan sati ɗaya na hau kujera ina kakkaɓe kantar, sai na ga allurar ba ta kan sifili. Kilo uku ba kaɗan take nunawa, farantin kuwa wayam. Na leƙa ƙarƙashinsa, na busa, na goge, babu komai. Na gaya wa Baba.

"Danshi ne ya taɓa ƙarfen," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Mayar da ita."

Na murɗa ɗan notin baya, allura ta koma sifili. Wata na zagayowa ta sake tashi. Na sake murɗawa. Cikin wata uku notin ya kai ƙarshe, sai na koma cire gilashin, in zare allurar, in dasa ta a kan sifili. Aikin minti biyu ne. Wani gidan da tuni sun jefar da abin, ko su kira masu addu'a. Mu kuwa masu gyara ne, allura ta kauce, sai a mayar da ita. Haka na yi ta yi duk farkon wata har shekara biyar, farantin yana ƙara nutsewa ƙasa a hankali.

Ban taɓa rubutawa ba, amma kan mai awo ba ya sakin lamba. Na san da farko tana tashi da sauri, kusan kilo guda a wata. Na san a ƙarshen shekarar farko jimillar ta kai tara da rabi, daga nan ta koma kilo biyu a shekara. Ban ba abin wata ma'ana ba, ko kuwa in ce na ƙi ba shi.

Da Auta ta sake samun ciki, ni nake raka ta asibiti. Wata safiya muna zaune a benci muna jiran layi, idona ya faɗa kan wata takarda a bango, mai nuna nauyin da ya kamata yaro ya kai daga haihuwa zuwa shekara biyar. Na bi lambobin da ido, ɗaya bayan ɗaya. Duk na san su. Na kasa ɗauke ido daga takardar.

"Yaya, lafiya?" in ji Auta.

"Zafi ne," na ce mata.

Haihuwar ta zo da sauƙi, da hantsi. Mace ce, kilo biyu da giram ɗari shida, da murya kamar ta mai talla. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ga wadda za ta ƙwace shago daga hannun Injiniya. Direba ya iso da jarkar man gyaɗa da kwalin sabulu kamar wanda zai buɗe kanti, ya kwana uku yana kallon yatsun 'yarsa, ya koma hanya. Maƙwabta suka yi ta hawa da sauka. Ni kaina, da ba na cika son hayaniya ba, na ji daɗin ganin gidan ya cika.

Sai dai yarinyar ba ta shan nono. Ruwan nono akwai shi, har yana jiƙa rigar uwar. Za ta kama, ta ja sau biyu, sai ta saki ta juya kai gefen hagu, ta ƙura wa wuri ɗaya ido. Auta kuma ta ce hannunta na hagu mutuwa yake yi duk lokacin da ta zauna shayarwa. Aka sauya matashi, aka sauya zama, aka gwada cokali. Kukan nan mai ƙarfi ya fara zama ƙaramin ƙugi.

Rana ta goma nas ta auna ta, ta sake aunawa. Kilo biyu da ɗari biyu.

"Ba zan ɓoye muku ba," ta ce. "Irin wannan ramar ba ta ɗaukar lokaci. Yau Talata. In zuwa Alhamis ba ta fara ƙaruwa ba, za mu kwantar da ita, a sa mata roba ta hanci, kuma ko hakan ban yi muku alkawari ba. Ku dinga auna ta kullum. Ai ku gidan masu sikeli ne."

Muna dawowa na raka su sama, na sauko shago. Rana tsaka ce, titi cike da hon, mai shagon walda na kusa da mu yana ta yanka ƙarfe. Baba yana gyangyaɗi a kujerarsa. Na hau na rungumo sikelin jariran, karo na farko da na ɗaga shi tun da aka ajiye shi. Na san nauyinsa, kilo shida ne. Abin da na sauko da shi ya haura ashirin, saura kaɗan ya kai ni ƙasa. Na dire shi a tebur ina haki. Farantin da ɗumi, ga shi ko rana ba ta kai wa kantar.

Sai jaririyar ta yi ɗan kukanta a sama.

A gaban idona farantin ya taso. Allurar ta juya baya, ta kusa zagaye fuskar sikelin, ta tsaya tana rawa. Matakalar gidanmu ta katako ce, ta uku da ta bakwai suna ƙara in an taka. Na ji ta uku. Na tsaya riƙe da bakin tebur, ina roƙon Allah a tsaya nan. Na ji ta bakwai.

Na tsorata, tsoron da ban taɓa yin irinsa ba, amma na bi baya. Na tarar da Auta zaune a bakin gado, jaririya a hannun dama. Katifar ta lotsa a gefenta na hagu, daidai faɗin zaman yaro. Zanenta ya tattare a cinya kamar an dafa shi da gwiwa. Jaririyar ta saki nono, tana kallon wurin.

"Kin gani ko, Yaya?" Auta ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da muka dawo da wannan. Da can sai jefi-jefi, in ina tsefe kai, in ji an jingina da bayana." Ta gyara jaririyar a hannunta. "'Yata ta fari ce, ba mugunta take yi ba. Ta ga an ɗauki wata ne, ita ba wanda ya taɓa ɗaukarta. Ni ko fuskarta ban gani ba. Na dawo na tarar kun kwashe har safa."

Ni na kwashe safar.

Na sauko da fushi, na girgiza kujerar Baba. Ban taɓa yi masa magana a tsaye yana zaune ba sai ranar.

"Baba, ba danshi ba ne."

Ya kalli sikelin a kan tebur, ya kalli allurar da ta koma baya, ya kau da kai.

"Wa ya ce ki sauko da shi?"

"Kai ka koya mini in duba abin da ke kai kafin in zargi sikeli. Shekara biyar yana gaya mana, ni ina toshe masa baki. Ka sani, Baba?"

Ya sake kallon farantin.

"Ni na karɓe ta daga hannun ungozoma," ya ce. "Hannuna ba ya kuskure. Uku ba kaɗan ce. Ranar da kika faɗi lambar nan na gane ta." Ya share ido da bakin hannun riga. "Na ɗauka in ba a kula ba, zai wuce. Uwarta nake ji wa."

"To yanzu ƙanwarta ce za ta wuce, nan da Alhamis."

Na cire gilashin. Farantin babu kowa a lokacin, don haka na zare allurar na dasa ta a sifili na gaskiya, na gwada da dutsen kilo ɗaya, ya ba ni kilo ɗaya cif. Na janyo ƙofar shago na rufe rabi, na kira Auta ta sauko da jaririyar. Ta zauna a benci kusa da Baba. Muka jira, ana ta walda a waje.

Matakala ta bakwai ta yi ƙara, sannan ta uku.

Farantin ya ɗan karkata gefe ɗaya, kamar an ɗora ƙafa, sannan ya nutse. Allura ta hau. Ta wuce biyar, ta wuce goma, ta yi 'yar rawa ta tsaya. Na ga hannun Baba ya tafi wajen sukudireba don sabo, sai ya janye hannun. A shagonmu in an gama gyara, da ƙarfi ake karanta awo don mai kaya ya ji. Na gyara murya na karanta.

"Kilo goma sha bakwai da rabi."

Auta ta toshe baki da hannu, hawaye na bin yatsunta. "Ta girma," ta ce. "Yaya, ashe ta girma."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya matso gaban teburin. Ya sunkuya daidai tsayin da fuskar yaro za ta kai.

"Sannu, jikata," ya ce. "Don ke na gyara shi, kuma kin hau, mun gani. Laifina ne da na bar ki can saman kantar shago. Yanzu ke ce babba a gidan nan. Sauko ki ba ƙanwarki wuri, kin ji? Uwarku hannu biyu gare ta, kuma wannan ba ta da ƙwari tukuna. Zo wurina, ni ba abin da nake yi."

Ya miƙa hannu biyu. Da farko ba abin da ya motsa. Can sai farantin ya taso a hankali, allura ta sauko ta kwanta a sifili. Na ga hannayen Baba sun yi ƙasa, kafaɗunsa sun sunkuya. Ya ja da baya, ya zauna a kujerarsa da nishi.

"Kai," ya ce, "ashe da nauyinki."

Na shimfiɗa tawul a farantin, muka auna jaririyar, kilo biyu da ɗari biyu. Auta ta ɗauke ta ta sa mata nono a nan kan benci. Ta kama. Muka ji tana haɗiya, tana haɗiya, har ta yi barci da shi a baki. Ranar Laraba ta ƙara giram talatin. Ranar Alhamis nas ta auna ta sau biyu, ta ce mu tafi gida, mu ci gaba da duk abin da muke yi.

Yau watanta bakwai, kilo bakwai da ɗari huɗu, ta fara jan gemun kakanta. Sikelin yana kan tebur, allurarsa ba ta ƙara kaucewa ba. Na saya wa Auta safa guda biyu, ƙarama da babba, ta ajiye babbar a ƙarƙashin matashinta.

Baba kuwa ya daina gyangyaɗi da rana. Yana zaune a kujerarsa, hannun hagu a lanƙwashe, yana ba ni umarni ƙasa-ƙasa. Wani lokaci har la'asar bai motsa ba, in ga ƙafarsa ta kumbura. Jiya na ce masa ya tashi ya ɗan taka, kada jini ya tsaya masa.

"Bari tukuna, Injiniya," ya ce. "Barci take yi."