Inda Bahar Yake a Da

Ni Dela ban yi boko ba, amma na san inda na haifi 'ya'yana. To, na ce na sani. Yanzu an mai da ni wadda ba ta sani ba, kuma a kan haka nake neman hakkina.

Unguwarmu tana kudu da ƙofar Bab Makka a garin Jidda, a bakin ruwan teku. Gidajen gwangwanin kananzir ne da aka fasa aka buga a jikin katako, sandaƙa muke ce musu. Lungunanmu ba su da suna. In baƙo ya tambayi gidana, sai a ce masa ya ba bahar baya, ya bi warin kifi har wurin masu gyaran kwalekwale, ya karya dama. Da ruwa muke gane komai, har alƙibla.

A nan na haifi Rafi'u. Ungozoma ta wanke mabiyiyarsa, abin nan da ke biyo jariri, ta naɗe a tsumma, muka binne a bayan ɗaki yadda iyayenmu suke yi tun kafin su baro Sudan. Ya girma ya shiga dakon kaya daga manyan jirage zuwa gaɓa. Wata safiya iska ta kife kwalekwalensu. An tsamo wasu, shi ba a tsamo shi ba. Ba gawa, ba likkafani, ba kabari. Abin da ƙasa ta riƙe na ɗana shi ne abin da ke bayan ɗakina. Nan nake shimfiɗa tabarma ranar Juma'a in yi masa addu'a. Malamai sun ce addu'a daga ko'ina tana isa. Na ji. Su ba su haife shi ba.

Da ƙafata ta kumbura, 'yata Barakatu ta ɗauke ni zuwa gidanta a unguwar Sharafiyya. Ina can kwance kamfanin hanya ya zo da katafila ya rushe unguwarmu. Barakatu ta sani, ta ɓoye min, wai kada ciwo ya ƙaru. Da na miƙe na tilasta mata ta kai ni in gani.

Fili fetal. Tsakuwa da jar ƙasa har iyakar gani. Na juya in ba bahar baya, babu bahar. Sun zuba duwatsu sun cike shi, sun tura shi can nesa, sai ƙyallinsa kamar bakin faranti.

Na nufi shugaban leburori. Abdulghani ne, jikan mai sayar mana da gawayi, haifaffen Jidda, Hausa a kunne, Larabci a baki.

"Kai Abdulghani, ina gidana?"

"Ahlan ya hajja. Gida halas, ya ƙare. An ba kowa wuri a can cikin gari, ma'alesh, yi haƙuri."

"Na tambaye ka wuri? Nuna min inda bayan ɗakina yake."

Barakatu ta yi masa bayani da Larabci. Ya sauke kai. Kakarsa ma ta binne mabiyiyar ubansa a unguwar nan, ya san abin da ake nufi. Ya yi ta dube-dube, ya taka nan ya taka can, sannan ya tsaya kusa da wata ganga ya nuna ƙasa.

"Hina, ya hajja. Nan ne, wallahi."

"Kada ka rantse. Dubi idona. Ka sani?"

Ya kau da kai ya dubi gangar.

"Tausayina kake ji, shi ya sa za ka sa ni in durƙusa a kan makewayin wani in kira sunan ɗana? Uwarka ta san kana haka?"

Leburori suka fashe da dariya, ya daka musu tsawa.

"To me kike so in yi, ya hajja?"

"Ka faɗa wa masu kamfaninku su dawo min da bahar inda suka same shi. Yini ɗaya tak. In tsaya a bakinsa in gane gidana, in tone abina, su kwashe ruwansu su tafi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na yi ta yawo a filin ina jan ƙafa, ina shinshina iska ko zan ji kifi. Kwalta kawai nake ji. Rana ta take, ƙafar ta ƙi, na zauna a kan tsakuwa.

Barakatu ta tsuguna ta riƙe min mayafi.

"Inna, tawa mabiyiyar ma a nan take, kusa da tasa. Tun safe ba ki ambace ta ba."

Na dube ta. Fuskarta duk ƙura, tana kuka ba sauti.

"Ke ina ganinki," na ce.

Ta ɗaga ni. Abdulghani ya ce yalla, mu zo zai kai mu Sharafiyya a motar kamfani. Na ce ba zan shiga ba. Muka taka har bakin titi, ina dafe da kafaɗarta. Ranar Juma'a ce, kuma ban san inda zan shimfiɗa tabarma ba.