Keken Hamma Bawa

"Zakariya, yau kwana tara!" Fadimatu ta daka wa ƙanenta tsawa a waya. "Kwana biyu fa ka ce."

"Adda, shutin fim ɗin bai gama ba. Abeg, jibi."

Ya kashe. Ta juya ta dubi ɗakin maƙwabcinta, zuciyarta kamar ta fashe, don da bakinta ta roƙo aron keken guragun nan.

Maƙwabcin nata, Hamma Bawa, mai gyaran rediyo ne. Gudun hijira daga Mubi ya kawo shi Jimeta, bam ɗin kasuwa kuma ya same shi a nan ya raba shi da ƙafafu biyu. Kekensa shuɗi ne, kullum a goge, da shi yake kai kansa asibiti wankin gyambon dungulminsa, wanda ciwon suga ya hana warkewa. Ranar da Zakariya ya zo neman aron keken don fim, sai idon Bawa ya kawo haske.

"Gurgu kuke so? Ga ni. Na yi dirama shekara goma a Mubi."

"Hamma, mutane na son fuska da suka sani. Kujeran kawai."

Sai Fadimatu ta sa baki, Bawa kuwa da kunyarta ya bayar.

Yanzu ta ɗaga labulen ɗakin Bawa. Wari ya tare ta. Yana kwance a tabarma, zazzaɓi na kaɗa shi, tsumman dungulmin ya jiƙe sharkaf.

"Hamma, don Allah bari maza su goya ka zuwa titi. Napep ba ta shiga lungun nan."

"Ba na hawa bayan kowa."

"To ko da rarrafe ne..."

"Sau ɗaya na yi rarrafe a titin nan, Fadimatu. Wata Hajiya ya jefa min sadaka." Ya numfasa da ƙyar. "Kekena zai zo. Ba ke kin ce ba?"

Taurin kan mutumin nan ya ishe ta, amma ta rasa bakin yi masa faɗa. A rana ta goma sha ɗaya hankalinsa ya gushe, maza huɗu suka kinkime shi a bargo, abin da bai taɓa yarda da shi ba. Bai kai bakin titi da rai ba.

Bayan la'asar, masu jana'iza na dawowa daga maƙabarta, Zakariya ya turo keken cikin gida, kansa a ƙasa. An yayyaga kujerar da gangan, an shafa wa shuɗin fentin laka don ya dace da fim. A gaba an ɗaure kwali da igiya: A TAIMAKI GURGU DON ALLAH.

Fadimatu ba ta ko dubi ƙanenta ba. Ta kwance igiyar, ta kifa kwalin a ƙasa. Tsumman da Bawa yake gogewa da shi yana nan rataye a ƙusa. Ta jiƙa shi a buta, ta durƙusa, ta fara daga tayar hagu.