Tsaraba Daga Ɗakin Killacewa

…kuma teku ba ya yafe wa wanda ya raina shi. Wannan karantawa na yi. Ni iyakar ruwan da na sani shi ne na ninƙayar da ke ƙasan benenmu a Bukit Jalil, nan ƙasar da muka zo karatu, shi ma tun zuwan korona yake zagaye da jan kirtani.

Amma tsibirin nan na san shi, Muhyiddeen. Na fi ka saninsa, kai da ka taka shi. Shekara biyu ina tara shi layi-layi, tun ranar da muke shan shayi a shagon mamak, masu shayin garin nan, ka ce, "Maikano, in muka gama digirin nan ba mu ga teku ba, me za mu faɗa a Kano?" Abu ashirin da uku da ya kamata matafiyi ya sani, kowanne da lambarsa. Gida arba'in ne a tsibirin, masallaci ɗaya, ba mota, ba likita. Jirgin ruwa sau ɗaya a rana, in mai shi ya tashi da nishaɗi. A zauna a baya, gaba na masu sha'awar amai ne. A shafa man kwakwa saboda ƙudan rairayi, ba a ganinsu sai sun gama aikinsu. Kada a taka murjani. Kada a bar jaka inda biri zai gani. Har alƙibla na fitar maka, har inda ƙasaru ke farawa… na tura maka, ka ce Allah ya ƙara basira.

Ya ƙara. A makare dai.

Zafin jikin nan ya sake dawowa. Kwana na huɗu ke nan a killace, tsakanin gado da taga, taga da gado. Ga ledar can a kan tebur, ban taɓa ta ba tun da na buɗe.

Lamba ta ɗaya: daga ƙarshen Oktoba ana ɗaure jirage, iskar damina ta rufe tsibirin sai bayan wata huɗu. Ni na rubuta. Sai ga shi an buɗe hanya tsakanin jihohi, amma ga wanda allurar rigakafinsa ta biyu ta cika mako biyu kawai. Taka ta cika. Tawa saura kwana goma sha biyu. Mai jirgi ya ce kwana goma suka rage masa. Kwana biyu ne tsakani, mutumina — kwana biyu! Na ce a bari sai baɗi. Ka ce, "Ai dole, ina ni ina tafiya ba kai?"

Washegari ka kira da tari. Gwaji ya nuna, an killace ka kwana goma, kada in kuskura in ƙwanƙwasa.

Ban ƙwanƙwasa ba. Ni mai bin doka ne, shi ne babban ciwona. Takunkumi biyu a fuska, jirgin ƙasa daga Bukit Jalil zuwa Masjid Jamek, kula a cinya kamar mai kai wa mai jego abinci. Bene hawa huɗu a bayan shagunan yadi. In ajiye a ƙofa, in ɗauki kwanon jiya. A wanke. Tas! Har ina cewa a raina, cuta ta gyara shi — shekara goma sha biyar muna tare ban taɓa ganin ka wanke cokali ba. Nan ya kamata mai digiri biyu da rabi ya tsaya ya yi tunani. Amma ina…

Kukata, Muhyiddeen. Ba tapau, abincin saye a leda, na riƙa kai maka ba, wai mara lafiya sai abincin gida. Kukar da nake aunawa da ƙaramin cokali tun da jirage suka daina tashi, daddawar da na naɗe cikin leda uku saboda maƙwabta. Ƙarshenta ke nan. Wa ya sha? Maigadin gininku, ina jin. Kullum fara'arsa ƙaruwa take, rana ta takwas har ƙofa ya buɗe mini da hannu biyu. Allah ya sa ta zauna masa lafiya. Shi aƙalla yana nan.

Sai Iya. Wannan ne ba na iya haɗiyewa… Mahaifiyarka ta kira ni ta ce, "Maikano ɗana, kai ne idona a can, faɗa mini gaskiya." Na faɗa mata. Yana cin abinci, Iya, kwano har ƙasa. Tarin ne dai. Ta sa aka yi sauka, ta yi sadakar waina a ƙofar gida kwana uku. Ni na shaida. Da bakina. Tsohuwar da take ajiye mini ƙanzo tun muna sakandare, ka sa na yi mata ƙarya kullum bayan La'asar, ban ma samu daɗin sanin ina yi ba.

Ga saƙonta na yau, minti huɗu, ban saurara ba. Na san abin da ke ciki: albarka. Me zan mayar? In ce mata ɗanki ƙalau yake, yana can yana wasa da kunkuru? Ko in ce amin, in zama abokin tarayya?

A jirgin ƙasan na kwaso ta, ina jin. Ko a matakalar gidanku. Ba komai, ƙwayar cuta ba ta tambayar niyya.

Kuma da ka yi shiru, da har yanzu ina yi maka barka da tashi. Ka shirya komai: tari, maigadi, abokin karatunmu Ziyad da motarsa — Ziyad, wanda bai san gabas ba sai ya tambayi waya, shi ya zauna a kujerata. Abu ɗaya ka kasa. Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana. Ka ji ina kwance, ka zo ɗazu da hantsi, ka rataya leda a ƙofata ka gudu. Busasshen kifi, ƙananan nan. Man kwakwa rabin kwalba. Wani ƙoƙon dodon-koɗi da rairayi a cikinsa har yanzu. Tsaraba! Daga ɗakin killacewa! Hannunka ne ya saya, ƙwaƙwalwarka ba ta wurin. Ina iya ganin ka a bakin jirgi kana cewa, "Kai, ban yi wa Maikano tsaraba ba," Ziyad yana gyaɗa kai. Mutane biyu masu rubuta kundin digiri na uku.

Abin haushin, na san kunya ce. Ba za ka iya kallon idona ka ce za ka tafi ba ni ba, sai ka zaɓi hanya mai sauƙi: annoba. Da ka faɗa, da na yi fushin kwana biyu, na ba ka aron jakata wadda ruwa ba ya shiga. Yanzu fa? In na fito me za mu yi — mu koma shagon mamak, ka ce Dakta, in ce na'am? Ko in fara lissafa sauran abubuwan da ka taɓa faɗa mini cikin shekara goma sha biyar, in bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro? Ba ni da ƙarfin wannan. Tashi in ɗauko ruwa ma sai na yi shawara da gwiwoyina.

Amma tsaya… kullum kana kira. Safe da yamma, kwana goma, murya a shaƙe, wata irin ƙara a bayanka da na ɗauka fanka ce. Ta yaya? Lamba ta bakwai, ni na rubuta, har na ja mata layi biyu: babu sabis ɗin waya a tsibirin, a yi sallama da kowa tun daga gaɓa.

Ashe akwai. Daga can ka riƙa yi mini tari.