Katangar Iliya da Hular Alhaji

Shekara ashirin Iliya magini yana tashi daga Kalgo yana yi wa mutane gini, ba a taɓa kiran wani ya gyara aikinsa ba. Da wannan sunan yake ci da iyalinsa. Sai ya gamu da Alhaji Abdulrasheed na Gwandu, maɗinkin hula, wanda tun da aka haife shi bai taɓa yin kuskure ba.

Tun hantsi Alhaji ke sunkuye kan wata hula mai ratsi-ratsi, duk sun kwanta dama. Da ya ɗago ya dubi sabuwar katangar shagonsa da Iliya ya gina masa, sai ya taɓe baki.

"Iliya, katangag ga ta karkata hagu."

Iliya ya rataya igiya mai dutse. Ta sauko samɓal, ta bi jikin katanga.

"Ita ma igiyar ta karkace," in ji Alhaji. Maƙwabta masu shan shayinsa kullum suka hango karkatar nan take.

Iliya ya san abin: ratsin hular ne ya ruɗi idon Alhaji. Duk ranar da ya wuni yana kallon katakon rufi jere a karkace, in ya sauko sai ya ga ƙofofi sun jingina ɗaya gefen. Sai ido ya huta suke miƙewa.

"Alhaji, ku aje hular ku huta da ido kaɗan, sannan ku sake dubawa."

"Au, idona na da ciwo ke nan? Ka rushe, ko in kira wani."

Kiran wanin nan shi ya tsorata Iliya, don kafin la'asar labari zai kai har garin Maruda. Ya rushe, ya sake ɗorawa, ya kwantar da ita dama kamar faɗin yatsa uku. Yana jera bulo yana jin kunyar hannunsa.

Alhaji ya ɗago daga hula. "Yauwa, yanzu ka yi aiki."

Ran Juma'a hula ta ƙare. Alhaji ya fito da hutaccen ido, ya daɗe tsaye gaban katanga, sannan ya juya ga masu shan shayi.

"Ni tun hwarko na ce mutumen ga bai iya gini ba."

Katangar na nan a bakin hanyar kasuwa, a jingine. Duk wanda ya tambayi wa ya gina ta, ba a ɓoye masa.