Kafaɗun da Suka Ɗauki Wilmer

Ranar Asabar ɗin da za mu tafi aikin bishara, tun da sassafe bas ta iso ƙofar majami'a, direba yana ta danna ham sai ka ce mu muka hana shi barci. Kowa ya sa rigarsa ruwan ɗorawa. Fasto Abelino ne ya sa aka buga mana su, a ƙirji an rubuta "An aiko mu" da manyan baƙaƙe. Tawa ta ɗage mini, kamar yadda kowace riga take yi. Ni Herlinda, Allah ya yi ni doguwa a garin gajeru. Tun ina yarinya ake ce mini sandar tsinkar lemo, har na yi furfura ba a daina ba.

Sau ɗaya a shekara muke wannan tafiya, zuwa wani ƙauye can bayan duwatsu. Mu kai musu tufafi da magani, mu yi waƙa, Fasto ya yi wa'azi, a ɗauki hoto, mu dawo da ciwon baya. Ba raina abin nake yi ba. Ni ce shugabar zumuntar mata, kuma ni na yini ina naɗe tamal, wato ƙullin masara da muke turarawa, a ganyen ayaba don guzurin hanya, har yatsuna suka sage.

Majami'armu tsohon garejin gyaran mota ce, a gindin tudun da makabarta take kansa. Tsallaken titi, daidai ƙofarmu, gidan Doña Remigia ne mai gurasar masara, kusa da ita kuma mashayar Don Fidencio. Shekara da shekaru muna kallon juna. Su suna jin wa'azinmu ta lasifika, suna so ko ba sa so, mu kuma muna jin tafin hannun Remigia tana faɗaɗa gurasa a tsakiyar addu'armu. Mu sayi gurasarta, ta ce mun gode, shi ke nan. Ban taɓa sanin launin bangon ɗakinta ba.

Ran Alhamis aka tsinci ɗanta Wilmer a bakin kwari, an harbe shi. Ba wanda ya tambayi waye, domin kowa ya san 'yan dabar ƙetaren gada ne, kuma kowa ya san abin da shi ma Wilmer yake yi a tasa dabar. Ni kam na fi kowa sani. Shi ne ya tare ɗana Edvin a hanyar makaranta ya ce masa ko ya shigo cikinsu ko a haƙa masa rami. A makon na tura Edvin arewa, ƙetaren iyaka. Yau yana da 'ya mai sunana, ban taɓa jin nauyinta a hannuna ba, a fuskar waya kawai nake ganinta. Da aka ce mini Wilmer ya mutu, ban yi murna ba, amma Allah ya sani ban yi kuka ba.

To, a garinmu gawa ba ta hawa mota. Kafaɗa ke kai mutum makabarta, maza suna karɓa-karɓa har ƙwanƙolin tudu, mata na biye da furanni. Ko ɗan sarkin shaye-shaye ne ya mutu a kwata, sai an samu kafaɗun da za su ɗauke shi. Wanda aka jefa a bayan akori-kura kuwa, an gama faɗa wa duniya cewa ba shi da kowa, kuma uwarsa za ta ɗauki wannan maganar har nata kabarin.

Muna cikin loda kwanduna a bas sai ga akori-kurar da aka turo don ɗaukar gawar Wilmer ta tsaya a ƙofar Remigia. Da ita ake kai aladu kasuwa, an dai watsa mata ruwa. Remigia ta fito da baƙin mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe hannuwanta ta tokare ƙyaure.

"Ba za ku sa shi a nan ba," ta ce wa mai motar. Ba ta ɗaga murya ba. "Ɗana ba buhu ba ne."

"Doña, to wa zai ɗauke shi? Dubi titin nan fa."

Titin kuwa fayau. Duk tagogi a rufe. A can kwana wasu samari biyu na zaune a kan babur, ba sa yin komai, kallo kawai suke. Kowa ya gane karatun: wanda ya sa kafaɗa a akwatin Wilmer, an ga fuskarsa. Mutum uku ne kacal a ƙofar gidan. Don Fidencio, don shi ne uban baftismar yaron, da abokan kwalbarsa biyu, ɗaya wani tsoho mai tari, ɗayan Lencho, siriri dogo wanda tun safe idonsa ya riga ya yi ja.

Fasto Abelino yana tsaye da ƙafa ɗaya a matakin bas. Ɗan guntun mutum ne, kansa da ƙyar yake kai kafaɗata. Na ga yana kallon tsallaken titi, yana kallon ƙirjin rigarsa, sai gabana ya faɗi, don na san shi.

"Fasto," na ce, "rana tana yi. Mutanen ƙauye na jiranmu."

"Suna jira, 'yar'uwa Herlinda."

"To mu tafi mana."

"Ina tunani ne," in ji shi. "Mun yi wata guda muna addu'a Ubangiji ya nuna mana inda ya aike mu."

"Ya kuma nuna mana! Ga mota, ga direba, ga tamal ɗina na hucewa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara nawa muna yi wa matar nan ihu da lasifika? Ko sau ɗaya ban taka ƙofarta ba. Ina iya hawa duwatsu in nemi waɗanda ban sani ba, amma titin nan ya gagare ni ƙetarewa."

Nan fa raina ya ɓaci. "Haba, Fasto! Ka san ko wane ne a cikin akwatin can? Kai ka yi mini addu'a ranar da Edvin ya tafi, a kan bencin nan na jiƙa maka riga da hawaye. Yau kuma shi za mu ɗauka a kai kamar wani waliyyi? Ka dubi 'yan babur ɗin can. Mazan nan suna da 'ya'ya."

"Na sani," ya ce. "Ba zan ce wa kowa ya zo ba. Ke kuwa ba ni da bakin ce miki komai."

Ya juya ga jama'a ya ce wanda zai tafi ƙauye ya tafi da albarka, aikin can ma na Ubangiji ne, mataimakinsa zai yi wa'azi. Sannan ya sauke ƙafarsa daga matakin, ya ƙetare titi shi kaɗai, da 'yar rigarsa ruwan ɗorawa. Mafi yawa suka shiga mota, kuma ban ga laifinsu ba har yau. Maza biyu daga cikin dattawa suka bi shi, kansu a ƙasa. Ni ban shiga motar ba, ban kuma ƙetare ba. Na tsaya rungume da kwandon tamal ina huci, ina gaya wa kaina na tsaya ne in ga ƙarshen wautar.

Don Fidencio ya dubi Fasto sama da ƙasa. "A'a! Yau wace rana? Fasto da kansa a gefen 'yan wuta?"

"Na zo aron kafaɗa ne, Don Fidencio, ba wa'azi ba."

"Alhamdu, kunnuwana za su huta. Ina lasifikar? Ko ta mutu ita ma?"

Kafin a ɗaga gawa, akwai abin da ake yi. Masu ɗauka sukan jera kafaɗa da kafaɗa a gwada tsayi, a haɗa kowa da daidai shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In ba haka ba akwatin zai karkace, mamacin ya zame a ciki. Tsofaffi kan ce in ka ji ya buga katako, ƙin tafiya yake yi. Suka jera a titi, tsohon mai tari yana gwadawa da tafin hannu. Duk cikinsu ba wanda ya yi daidai da Fasto sai Don Fidencio. Kafaɗarsu ɗaya cif, kamar an yanka su da awo.

"Ka ga ikon Allah," in ji Fidencio. "Shekara goma kana kiran sunan gidana a wa'azi, ashe tsayinmu ɗaya."

"Ka riƙe da kyau dai, kada ka sake mini shi."

"Ni? Akwatunan giya nake ɗauka tun kana cikin tsumma."

Dattawanmu biyu suka yi daidai da juna, suka kama tsakiya. Baya ne ya zama matsala. Lencho ya fi kowa tsayi da kusan taƙi guda, sai aka haɗa shi da tsohon mai tari don babu wani. Suka shiga, suka fito da akwatin, suka ɗaga. Remigia ta biyo su da ɗan damin furanni a hannu. Ba kowa a bayanta.

Ba su yi nisa ba, daidai inda titin ya fara hawa, tsohon ya yi tuntuɓe. Lencho ya yi ƙoƙarin duƙawa, ina! Akwatin ya karkace, sai na ji ƙarar. Ƙwal. Kan yaron ne ya bugi katako.

Remigia ta yi wani ɗan sauti, ba kuka ba, irin wanda uwa take yi in yaro ya faɗo daga gado. Na san sautin nan. Na yi shi da bakina.

Ban san lokacin da na ajiye kwandon ba. Na dai ga kaina a tsakiyar titi ina ture tsohon gefe.

"Matsa, baba, kafin ka kashe kanka a yi biyu."

"Mace?" in ji Lencho, yana warin barasa.

"Rufe mini baki ka miƙe tsaye. Duk garin nan akwai mai tsayinka in ba ni ba?"

Ya miƙe. Na sa kafaɗa. Akwatin ya daidaita.

Kada wani ya ce muku a nan zuciyata ta yi sanyi. Ƙarya ne. Ina tafe ina jin gefen katakon yana cin ƙashina, ina cewa a raina, kai Wilmer, ka raba ni da ɗana, yau ga ni ina dakonka. Na gaya wa Ubangiji ban yafe ba, kada ya ɗauka na yafe. Na ce masa ƙafafuna kawai na ba shi aro, zuciyar sai wani jiƙon. Muka wuce 'yan babur. Ban dube su ba, amma na ji idonsu a bayan wuyana.

Abin da ya fi damuna shi ne rigar. Duk wanda ya leƙo ta taga yana karanta ƙirjinmu. Na sa ta ne don mutanen ƙauye su san daga ina muke, ga shi maƙwabtan da suka san ni tun ina talla su ne ke karantawa. Kullum ina ɗauka aike yana farawa ne in mota ta tashi. Ban taɓa tunanin wanda ya aiko mu ya riga ya ajiye mu a inda yake nufi ba, tun ranar da muka kama hayar garejin nan.

Babu masu karɓa, don haka muka riƙa ajiyewa a kan duwatsun gefen hanya muna hutawa. A hutu na biyu wata ƙofa ta buɗe, Don Casimiro kafinta ya fito yana ɗaura bel, ya karɓi ɗaya daga dattawanmu da numfashinsa ya fara sarƙewa. Can gaba wata mata ta fito da ruwa a buta. Ba su da yawa, kada in ƙara gishiri. Amma da na waiga, Remigia ba ita kaɗai ba ce, kuma wata ta ɗauko kwandon tamal ɗina tana biye da shi a kai.

Ni dai ba wanda ya karɓe ni, don ba mai tsayin. Ni da Lencho muka kai shi har ƙofar makabarta. A nan ake tsayawa karo na ƙarshe kafin a shiga. Fasto da Fidencio suna gaba suna haki, gumi ya haɗa su, ba mai sauran bakin tsokanar wani.

Sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Remigia ce, ta zo gefena, kanta da ƙyar ya kai ƙirjina. Ta san abin da ɗanta ya yi wa nawa, duk unguwa ta sani. Na jira ta ce in yi haƙuri, ina ta shirya abin da zan mayar mata, don ban san ko zan iya karɓa ba. Ba ta faɗi haka ba. Ta naɗe baƙin mayafinta ta tura shi tsakanin kafaɗata da katakon, daidai inda fatar ta saɓule.

"Doña Herlinda," ta ce a hankali, "yana da nauyi?"

"Da nauyi, Doña Remigia."

Ta gyaɗa kai, ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin.

"Haka yake tun yana goye," ta ce.

Sai a lokacin kukan ya zo mini. Ban iya share hawayen ba, don hannuwana duka biyu suna riƙe da ɗanta.