Awon Tagwayen Mai Burodi

Tun da hantsi Tela ya kasa zama a kan keken ɗinkinsa. Ya ɗauki almakashi ya ajiye, ya leƙa titi, ya dawo ya tsaya a bayan 'yarsa Auta, wadda ta baje kwamfutarta a kan teburin yanka. Ƙarfe sha biyu za ta gabatar da aikinta na ƙarshe a gaban malamai. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara.

Manhaja ce ta rubuta wa shagon. Duk mai kawo ɗinki yana da gurbinsa: suna, wuya, kafaɗa, hannu, tsawo. In an danna wajen adanawa, sai ta zuba su cikin fayil na XML wanda Auta ta tsara da kanta, kowane awo tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa. Shekaranjiya ta gwada da mutum goma, lafiya lau. Tela ne ya ce abin kunya ne a je gaban malamai da mutum goma, ya wuni jiya da yatsa ɗaya yana kwashe tsohon littafin awonsa kaf yana shigarwa.

Yau kuwa an danna, abu ya ƙi ƙarewa. Kwamfuta sai huci take, fayil sai kumbura yake.

"Ni na ɓata, ko? Faɗa mini gaskiya."

"Baba, don Allah ka matsa, numfashinka ma ya cika mini kunne."

Ya matsa taku biyu, ya dawo uku. Ta tsayar da manhajar da ƙarfi, ta buɗe fayil ɗin. Layi bayan layi, sunaye biyu ne ke ta maimaituwa, wannan cikin wancan, wancan cikin wannan, ba iyaka.

"Su wa ke nan?"

Ya gyara tabarau. "Tagwayen mai burodi ne."

"Ina awonsu?"

"Na babban, na sa kamar na ƙaramin."

"Na ƙaramin fa?"

Ya jawo littafin, ya lashi yatsa, ya buɗe. Shafi na arba'in: kamar na ɗan'uwansa. Shafi na casa'in: kamar na ɗan'uwansa.

"Baba! Wannan ya aika manhajar wajen wancan, wancan ya maido ta. Har gobe tana hanya! Shekara nawa kana musu ɗinki ba awo?"

"Yo ai ido na gani. Sun taɓa dawo da riga?"

Ba ta yi dariya ba, agogo ta kalla. Sha ɗaya saura kwata.

"Goge su kawai," in ji shi. "Su tafi wani telan ma."

"A'a. Malamai irin wannan suke nema su kama mutum."

Ta duƙufa. Kowa ta ba shi lamba, in wani ya dogara da awon wani, lambar kawai za a rubuta, ba mutumin ɗungurungum ba. Tela ya zagaya teburin har ya taka yadin mutane, bai ma sani ba.

Sha ɗaya da kwata ta danna. Kafin ya ƙifta ido an gama. Ta rufe manhajar, ta sake buɗewa: mutum ɗari biyu da shida, tagwaye a ciki.

Ta suri jaka. Ya bi ta har bakin titi da silifa ɗaya, yana tare mata mota da hannu biyu.

"In sun tambaya, ki ce laifina ne!"

"Zan ce kai ka gwada mini ita," ta ce, ta ja ƙofa.