Lemon Tsamin Jawad

Shekara goma sha biyu ina aiki a asibitin haƙori a birnin Miknas, ni ce mai miƙa wa likita kayan aiki. A duk shekarun nan ban taɓa gaya wa mahaifina, Alhaji Bushta, magana a kan bakinsa ya ɗauka ba. Ƙwayar sukari biyar yake jefawa a ƙaramin kofin shayi. In na ce ya rage, sai ya yi dariya ya ce shi ya ga fitowar haƙorana na farko, yaushe zan koya masa tauna. Buroshin da na kawo masa kuwa, da shi yake wanke butar shayi.

Sai ƙanwata Hanan ta auri Jawad, direban tasi mai zaƙin baki. Wata Juma'a, bayan mun ci kuskus, ya ciro wayarsa ya nuna wa Baba wani mutum yana goge haƙora da lemon tsami da gishiri, wai cikin mako biyu za su yi fari fat. Baba ya sa tabarau ya kalla har sau uku.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji shi. "Kai ne likitan gidan nan."

Ina zaune da tire a hannu. Na san tsami yana cinye bayan haƙori, na ga irin haka ba adadi. Amma ban buɗe baki ba. Zuciyata ta ce mini, tunda ya sami likita, bari likitan ya warkar da shi.

Mako biyar yana yi, safe da yamma. Kullum na je sai ya wage mini baki ya tambaya ko na ga aikin Jawad. Nakan ce na gani. Har zaitun na musamman yake ajiye masa, ni kuwa sai dai a miƙo mini kwanuka.

Ranar da ya kurɓi ruwan sanyi ya dafe kunci, hawaye na zuba, kunya ta kama ni. Dasashinsa ya yi ja, haƙoran gaba sun yi sirara a baki. Na kai shi wurin likitar da nake yi wa aiki, Dokta Zarhuni. Ta duba, ta hana shi lemon, ta ce ya rage sukari, ya riƙa goga da buroshi mai laushi sau biyu a rana. Ban da maganar lemon, kalmomina ne, ko ɗaya ba ta ƙara ba. Baba yana ta gyaɗa kai kamar bai taɓa jin su ba.

A hanya na faɗa masa gaskiya, cewa tun ranar farko na san abin zai cuce shi. Ya juyo ya dube ni.

"To me ya hana ki magana, Ikram?"

"Da za ka ji, Baba?"

Ya ce shi ma bai sani ba.

Juma'ar da ta biyo, ya jefa sukari biyu, ya shaida wa kowa cewa likita ce ta hana. Jawad ya ba da haƙuri, Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce ai niyyarsa mai kyau ce. Hanan ta raɗa mini cewa fuskata ta yi muni, in gyara. Na tashi na shiga kicin na ɗora wani ruwan shayin.